"Alhaji, nuna man abin da za ni murɗawa": yadda ake duba taimin a motar injekta

Kusan kowane mako sai an samu wanda ya faka mota a bakin garejina a nan Sakkwato ya ce in ƙara mata taimin. Na baya-bayan nan wani dattijo ne, kwastomana tun zamanin Fijo, yanzu yana jan Corolla ƙirar 2006, kullum yana kan hanyar Illela saboda harkar albasa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara ƙorafi.

"Malam, wagga mota ta mutu da ranta. Shekaranjiya da nit taho daga Illela har Golf mai lodi sai da taw wuce ni. Ga shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya. Ka ɗan murɗa mata taimin, irin yadda kaka yi ma Fijota can da."

Na buɗe bonet, na cire murfin robar da ke saman injin, na nuna masa kwayil huɗu a jere, kowane zaune a kan fuloginsa. Na ce, "Alhaji, Allah shi daɗe da ranka, nuna man abin da za ni murɗawa." Ya leƙa nan, ya leƙa can, bai ga distiributo ba, wato abin da ke raba wa fulogi wuta a tsofaffin motoci, don babu shi.

Ban ga laifinsa ba. Na koyi aikin nan a ƙarshen shekarun 1980 a wajen J. Allen, lokacin da Fijo 504 haɗin Kaduna ta cika gari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da kunne yake saita taimin. Ya sassauta noti ɗaya, ya murɗa distiributo har injin ya yi masa daɗin sauti, a fita gwaji, in an ji kas-kas a hawa a dawo da shi baya kaɗan. A wancan lokacin dabarar tana ci, domin distiributo shi kaɗai ke yanke shawarar lokacin da wuta za ta sauka. Yau akwai mai yanke wannan shawarar daban, wato kwamfutar mota da muke kira birenbos, kuma ita ba ta jin sufana.

Bari in fara da abin da ake nufi da taimin, don yara da yawa a gareji suna faɗar kalmar ba su san ciki ba. Mai da iska suna shiga silinda, fistin ya taso ya matse su, fulogi ya ba da wuta. To cakudar nan ba ta ƙonewa nan take, tana ɗaukar ɗan lokaci. Shi ya sa ake kunna ta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, don ƙarfin ƙunar ya cika daidai lokacin da fistin ya ɗan juyo ƙasa. Ana auna wannan riga-kafin da digiri na juyin kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Idan ka ga takardar da ke manne a cikin bonet an rubuta 10 da haruffan BTDC, ana nufin digiri 10 kafin ƙololuwa. Injin da ke juyi 3000 a minti yana zagaye 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kiranshaf ya riga ya ci digiri 18. Saboda haka duk sanda injin ya ƙara gudu, dole wuta ta ƙara sammako. Wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san maganar: taɓarya ta riga lokacinta, ta yi karo da 'yar uwarta, ta makara, dakan ya yi sanyi. Wuta ta makara, mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai, salansa ya yi zafi har ka ga bakinsa ya yi ja. Ta yi sammako fiye da kima, ƙuna ta doki fistin yana kan hawa, sai ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Wannan ƙarar ita ce masu ƙera mota ke kira nokin, kuma nan ake samun ruɗani. A wajenmu in an ce injin ya yi nokin, ana nufin ya buga, mital ya tafi, sai sauke shi. Don haka idan na ce wa mai mota sensar nokin ɗinsa ta lalace, sai in ga ya dafe ƙirji. Sensar nan kunne ce kawai da aka ɗaure a jikin bulok. Ta ji tsakuwar nan, ta gaya wa birenbos, birenbos ta ja wuta baya har ƙarar ta ɗauke, sannan ta riƙa maido ta a hankali. Abin da maigidana yake yi sau ɗaya a hawan gada, ita tana yin sa duk tsawon tafiya.

Kar kuma a haɗa taimin wuta da taimin bel ko sarƙa. Na biyun shi ke tsara lokacin buɗewa da rufewar bawul. Suna da alaƙa, zan zo kanta, amma aiki biyu ne.

Kafin ka ɗauki sufana, tantance wace irin mota ce a gabanka. Motocin injekta da ke yawo a Sakkwato iri uku ne. Akwai masu distiributo da ake iya saitawa, irin su Camry da ake kira Orobo ta farkon shekarun 1990, Corolla mai injin 4A-FE, Honda Hala, da Golf 2 da wasu Golf 3. Akwai masu distiributo amma na rabon wuta kawai, irin Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Baby Boy: sensar da ke ƙirga juyi tana can ƙasa wajen kiranshaf, don haka ko ka kwana kana murɗa distiributo, taimin bai san kana yi ba. Sai na uku, waɗanda ba su da shi sam, irin ta Alhaji.

Masu distiributo da ake saitawa

A nan na taɓa tafka asara, shi ya sa zan tsaya a kai. Farkon shigowar Orobo garejina, wani malamin makaranta ya kawo tasa. Na yi mata irin ta maigidana: na murɗa, na ji sulo ya tashi, injin ya yi santsi, na ɗaure. Abin da ban sani ba, ina murɗawa birenbos tana gyara nata lissafin, ni ina ja tana ja, har na kai distiributon nesa da inda ya kamata. Watan Afrilu ne. Malam ya kama hanyar Jega da iyalinsa a tsakar rana, ya dawo a jaye, fistin ɗaya ya ci gefe. Da muka haɗa injin na aro fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk sanda fulogi ya ba da wuta, na duba, sai na iske na bar ta a wajen digiri 22, alhali 10 ake so. Ni na sayi fistin da ringi. A satin na sayi fitila tawa, har yau tana nan, igiyarta duk naɗin salatif.

Ga yadda ake yi. Kana buƙatar fitilar taimin, sufana mai lamba 12 a yawancin Toyota da Honda, guntun waya mai tsabta, da alli ko farin fenti. Tun injin yana kashe, nemi tsagar da ke bakin fulen kiranshaf, wato faifan da bel ke hawa a gaban injin, ka goge ta da tsumma da ɗan fetur, ka shafa mata alli. Ka goge ma'aunin da ke jikin murfin taimin, inda aka rubuta 0, 5, 10, 15. A motocinmu ƙura da baƙin mai sun rufe shi, wani ma bai san yana nan ba. Sannan ka tayar da mota ta yi zafinta na aiki, har fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Kashe esi, kashe fitilu, giya a furi ko fakin. In sulo yana hawa yana sauka, tsaya nan, ka gyara wannan tukuna. Ba a saita taimin a kan injin da bai natsu ba.

Jan kilif na fitila a kan fositif na batir, baƙi a kan negatif, maƙallin kuma a kan wayar fulogi ta ɗaya, wato silindar da ta fi kusa da fule. In maƙallin yana da kibiya, ta kalli fulogi. In fitilar mai abin juyawa ce a baya, mayar da shi kan sifiri, don na ga yaron da ya ɓata rabin yini saboda wannan kaɗai.

Yanzu sai matakin da na tsallake a motar malam: dole ka sa birenbos ta janye hannunta. A tsofaffin Toyota akwai ɗan akwati a cikin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Buɗe shi, a bayan murfin akwai taswirar ramuka. Haɗa TE1 da E1 da guntun wayarka. Fitilar cek, wato fitilar gargaɗin injin da ke dashbod, za ta fara ƙyaftawa, sautin injin ya ɗan sauya, taimin ya tsaya cak a tushensa. Haska fitila a kan fule. Tsagar da ka shafa wa alli ta tsaya a kan 10. In ba ta nan, sassauta notin distiributo kaɗan, yadda zai juya da ƙyar, ka tura shi a hankali kana kallon alama. Juya shi kishiyar inda rotar cikinsa ke juyawa yana ƙara sammako, bin rota yana jinkirtawa. In ka manta wanne ne wanne, alamar da kanta za ta nuna maka. Ɗaure noti, ka sake haskawa, domin sau da yawa wajen ɗauri yake gocewa digiri ɗaya ko biyu. Cire wayar. Ka ga alamar ta fara rawa, ka taka totur ka ga ta gudu gaba: birenbos ta karɓi aikinta ke nan.

Wani abu da ke wahalar da mutane a Toyota: ka haɗa TE1 da E1, amma alama ta ƙi tsayawa. Mafi yawa sensar totur ce wani ya taɓa, ko an ja kebul ɗin totur ya yi tauri don a ɗaga sulo. Muddin birenbos ba ta ga totur a rufe ruf ba, ba za ta saki taimin ba.

Honda Hala nata wayon daban. Akwai shuɗin soket mai rami biyu a ƙasan dashbod ta gefen fasinja, shi ake haɗewa. Alamar kuma tana kan fulawil, ana leƙenta ta wata ƙaramar taga a mahaɗar injin da giya, bayan an cire toshin roba. Jan layi ake nema, digiri 15. Farin layi ƙololuwa ce, kar ka saita a kansa. Golf mai tsarin Digifant ita ma ta ramin giya ake leƙa alamarta, sai dai ita ana zare shuɗin soket na sensar zafin ruwa, a ɗaga injin zuwa juyi 2000 zuwa 2500 a minti, a nemi digiri 6. Ka ga ke nan kowace da lambarta. Takardar cikin bonet ita ce gaba da maganata, sai fa in an taɓa sauya bonet ɗin ko injin, abin da ba baƙo ba ne a nan. To sai ka karanta lambar da aka buga a jikin bulok ka nemi bayaninta.

Abu biyu na kiyayewa. Hasken fitilar nan yana sa fule ya yi kamar a tsaye yake, alhali gudu yake. Naɗe hannun riga, cire carbi daga wuya, kar ka sunkuya da babbar riga, kuma ka tuna fanka tana tashi ba sallama. Sannan ranar Sakkwato ta fi ƙarfin fitilar. Ka yi aikin a ƙarƙashin rumfa, ko yaro ya kare maka da kwali.

Akwai kuma fulen da ke ƙarya. Yawancinsu ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Zafi ya cinye robar, zoben waje ya zame, alama ta koma wani wuri. Idan ka saita daidai amma mota ta ƙara lalacewa, kashe ta, cire fulogi na ɗaya, zura doguwar sanda mai laushi, ka juya injin da hannu har sandar ta daina hawa. A nan tsaga ya kamata ta kalli 0. In ba ta kalla ba, fule za ka saya.

Waɗanda ba su da abin murɗawa

A nan aikin ya koma bincike. Birenbos tana da jadawali a cikinta: gudu kaza, nauyi kaza, zafi kaza, wuta a digiri kaza. Ba ta ganin injin, abin da sensoci suka gaya mata shi take bi. In taimin ya ɓaci, to wani ne ya kai mata labarin ƙarya, ko kuma gaskiya aka gaya mata ta ja wuta baya don ta ceci injin. Aikinka ka gano wanne ne.

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, kuma yawancin na hannu da ke zuwa mana daga can suke. Ba sai ka mallaki babbar kwamfuta ba. Ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana nuna taimin. Fara da karanta lambobin matsala, ka rubuta su a takarda kafin ka goge. P0335 sensar kiranshaf ce, P0340 ta kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), P0325 zuwa P0328 dangin sensar nokin, P0016 kuma yana cewa kiranshaf da kamshaf ba sa tafiya tare. P0300 zuwa P0304 fashin wuta ne a silinda. Wannan ka fara da fulogi da kwayil, kar ka ɗora wa taimin. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu "sa mota a kwamfuta" da ke karɓar kuɗi su goge lamba su ce an gyara. Goge lamba kamar share sawun ɓarawo ne.

Daga nan ka shiga wurin da na'urar ke nuna abin da ke gudana injin yana aiki. A sulo, taimin yana wasa, yanzu 8 an jima 15, ba ya zama wuri ɗaya, kuma haka ya kamata, domin da shi birenbos ke daidaita sulo. A kan hanya, ƙafa sama-sama, za ka gan shi ya haura 30, wani lokaci ya doshi 40. Ka danne totur, ya faɗo. Wanda ya maƙale a ƙasa ya ƙi hawa ko da ka sassauta ƙafa, shi ne mara lafiya. A Corolla mai injin 1ZZ-FE da Camry mai 2AZ-FE ana iya tsayar da shi kamar na da, ta haɗa rami na 13 da na 4 a soket ɗin, a ga digiri 8 zuwa 12. Amma dubawa ce kawai, ba a saita komai. Ni ba na barin yara su yi, don rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma yana kusa. Kuskuren ƙirga rami ɗaya ya isa ya jawo sayen birenbos.

Kalli zafin ruwa a na'urar. Injin da ya gama ɗumama yana zama tsakanin 80 da 95 a ma'aunin Salshiyas. A garin nan kusan kowace mota an cire mata tamostat an haɗa fanka dairek, wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Da safiyar hunturu irin wannan motar sai ta yi tafiyar Bodinga ba ta kai zafinta ba, birenbos tana ta ƙara mata mai tana bin jadawalin injin mai sanyi. Ra'ayina, wanda ya sha jawo mini gardama a majalisa: a mayar da tamostat, a wanke lagireto, a gyara fanka ta riƙa tashi da kanta. Kalli kuma zafin iskar da ke shiga. A watan Afrilu, a cunkoson bakin kasuwa, na sha ganin sa ya wuce 60. Iska mai zafi tana saurin kawo nokin, don haka birenbos ke rage sammako, mota ta yi nauyi da azahar ta warware bayan magariba. Wannan ba cuta ba ce. Amma in an cire bututun da ke jawo iska daga waje, injin yana shaƙar tururin cikin bonet, to kai ka ƙara mata. Sensar auna iska da ke bayan iyakilina kuwa ƙurar hunturu ke rufe ta. A fesa mata maganin wankinta, kar a taɓa siririyar wayar da hannu ko burushi.

Sai mai. Fetur ɗin galan na bakin hanya, in an sirka shi da kananzir, ba ya jure matsi. Sensar nokin za ta yi ta kuka, birenbos ta yi ta ja da baya. Kafin ka kwance komai, tambayi mai mota inda ya sha mai na ƙarshe. Na sha warkar da "taimin" da zubar da tanki kawai. Dattin gawayi da ya taru a kan fistin shi ma yana kawo haka, musamman a injin da ke shan baƙin mai.

Ita sensar nokin kanta, in ta mutu ko wayarta ta tsinke, birenbos ba ta caca: tana jan wuta can baya ta bar ta nan. Mota za ta tashi lafiya, ta yi sulo lafiya, amma ba ƙarfi. Wajen ɗaura sabuwa irin mai zobe, awon ɗaurinta 20 Nm ne a sufana mai auna ƙarfi, a kan fuskar ƙarfe mai tsabta, ba wasa, ba gam. Na ga inda aka ɗaure ta a jikin bodi don cek ya mutu. Cek ya mutu kuwa, amma an toshe wa injin kunne, zai yi ta cin kansa ba mai ji.

In na'ura ta nuna P0016, ko P0341 a Honda mai injin K24 da sarƙarta ta miƙe, ko kuma matsalar ta fara ne bayan an buɗe tof, wato kan injin, ko an sauya bel, to ka koma kan taimin ƙarfe. Juya injin da hannu zuwa ƙololuwar silinda ta ɗaya, ka duba alamomin da ke kan giyar kamshaf ko sun hau inda aka tanada. A injuna da yawa haƙori ɗaya ya kai digiri 15 zuwa 20 a kiranshaf, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Bayan ka ɗaura, zagaya injin sau biyu da hannu kafin ka taɓa kii, ka sake duba alamomin giya. Zobban sarƙa masu launi na lokacin ɗauri ne kawai, ba za su dawo kan alama bayan zagaye biyu ba, kar wannan ya tsorata ka. A 1ZZ-FE faifan haƙoran da sensar kiranshaf ke karantawa yana da harafin F, shi ke kallon waje. A juya shi, lissafi ya rushe. Masu sayen injin beljiyam kuma su lura: injin iri ɗaya na shekara daban yana iya zuwa da faifai ko sensa da ba su dace da birenbos ɗin motar ba. Injin Toyota mai VVT-i kuwa da matsin baƙin mai yake gusar da lokacin kamshaf gaba ko baya, don haka mai da ya yi kauri ko 'yar rariyar da ke gaban bawul ɗinsa ta toshe sun isa su kawo P0011 ko P0012.

To ashe ba a iya ƙara taimin sam? Ana iya, ta sake rubuta jadawalin cikin birenbos, kuma aikin masu kayan aiki ne da wurin gwaji. Da zafinmu da irin man da muke samu, ɗan rarar da kamfani ya bari shi ke riƙe da injin, ban ga dalilin cinye shi ba. Masu faɗaɗa ramin notin sensar kiranshaf da fayil don su gusar da ita, wannan ɓarna ce. Wuri ɗaya da na yarda da ƙari shi ne motar da aka mayar mai gas, wato iskar gas ba dizal ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane ke tambaya a kai. Gas ya fi fetur jinkirin ƙonewa kuma ya fi jure matsi, don haka yana son wuta da wuri. Akwai ƙaramin akwati da ake sawa don wannan, wanda ke janyewa in an koma fetur. Ka tabbata yana janyewar.

Motar Alhaji dai, da na sa na'ura, P0328 ta fito. Na ce, "Alhaji, cek bai kama ba?" Ya ce shi bai taɓa ganin sa ba. Na kunna kii ban tayar ba, duk fitilun dashbod suka kama ban da shi. Da muka ciro mita, baƙin salatif muka tarar an liƙa a kai. Watanni uku kafin nan gaskit ya ƙone masa a hanya, aka buɗe tof a wani gareji. Na zura hannu ƙarƙashin manifol, ga soket ɗin sensar nokin yana lilo, ba a mayar ba. Na wanke shi, na maƙala, na goge lambar, muka kama hanyar Dange, yarona a gaba riƙe da waya yana karanto mini lamba. Da muka daidaita gudu ya ce 34, na danne ya ce 19, na saki ya koma sama. Alhaji a baya ya ce, "Awo, yanzu ta tuna ni."

Zafin ruwa kuwa a 68 ya tsaya har muka dawo, don ita ma an cire mata tamostat. Na yi masa bayani, ya ce shi bai yarda a sa wa mota abin riƙe zafi a Sakkwato ba, amma zai yi shawara. Na rubuta masa lambar tamostat ɗin a bayan rasit, na ce in ya shiga unguwar Sahara ya nemi na asali, ya kawo ran Talata da safe kafin injin ya yi zafi.